AA, SMART ko Wani Daban: Wane Zama Ya Dace da Mai Son Rabuwa da Giya?

Ranar da mutum ya gaji da giya, gajiya ta gaske, abin da ke biyo baya shi ne tunanin wurin wa zai nufa. Likita yana da nasa aikin, iyali ma suna da nasu, amma akwai gurbin da ba mai cike shi sai wanda shi ma ya taɓa farkawa da asuba hannu na karkarwa, ya rantse ya gama, kafin rana ta faɗi kuma ya sake ɗaukar kwalba. Kimanin shekara 90 ke nan irin waɗannan mutane suna haɗuwa a ɗakuna, su jera kujeru, su faɗa wa juna gaskiya. Ƙungiyoyinsu sun sha bamban. Wasu sun jingina da imani, wasu da ilimin halayyar ɗan Adam, wasu na mata ne zalla, wasu kuma ta waya ake haɗuwa. Wanda ya faɗa zaman da bai dace da shi ba a karon farko yakan fita yana cewa abin ba nasa ba ne, alhali ɗaki ɗaya kacal ya leƙa.

Akwai maganar da ba ta jiran kwatance. Idan ka daɗe kana sha kullum kuma da yawa, har jikinka ba ya daidaita sai ka kurɓa, kada ka yanke giya dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe jiki yakan fara bore: karkarwa, gumi, tashin zuciya, bugun ƙirji, rashin barci. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya a cikin kwana biyun farko. Wasu kuma, daga kwana na biyu zuwa na huɗu, hankalinsu ya gushe, su shiga gane-gane da jiye-jiye da zazzaɓi, kuma wannan yanayin yana kisa idan ba a kula da shi ba. A asibiti akan ba da maganin kwantar da jijiyoyi irin diazepam tare da bitamin B1, ana rage shi sannu a hankali ana lura da mutum. Babu ƙungiya ko ɗaya cikin waɗanda zan ambata da ke wannan aikin. Ka fara ganin likita, sannan ko a makon ne ka nemi zama.

Babbar yaya a wannan fage ita ce Alcoholics Anonymous, wadda kowa ke kira AA. An kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, lokacin da Bill Wilson, wani dillalin hannun jari da ya yi 'yan watanni bai sha ba, ya ji sha'awar giya ta taso masa a baƙon gari, ya nemi wani mashayin da zai yi magana da shi don ya tsira. Aka haɗa shi da Dakta Bob Smith, likitan tiyata da giya ta kusa gamawa da shi. Ranar 10 ga Yuni ta wannan shekarar ce ƙungiyar ke riƙe da ita a matsayin ranar haihuwarta, domin ita ake lissafawa ranar da likitan ya yi shansa na ƙarshe. A 1939 suka fitar da littafinsu mai ɗauke da matakai 12. Yau ana ƙiyasta mambobinta sun kai kusan miliyan biyu a ƙasashe kimanin 180. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan tarihi shi ne Wilson ya je wurin Smith ne don ya ceci kansa, kuma har yau a kan wannan fahimtar ake tafiya: mai taimakon wani a AA yana shan nasa maganin ne.

Zaman AA yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Ba a rubuta sunan kowa, ba a neman katin shaida, sunan farko kawai ake ambata. A buɗe da ɗan karatu, sai mutane su yi magana ɗaya bayan ɗaya, kowa a kan kansa. A yawancin ɗakuna ba a katse mai magana, ba a kuma mayar masa da martani ko ba shi shawara a bainar jama'a. Idan layi ya zo kanka ba ka shirya ba, kana iya cewa yau sauraro ka zo yi, a wuce. Akan zagaya da kwando kowa ya jefa abin da ya samu don kuɗin ɗaki, wanda ba shi da shi ba mai kallonsa, kuma ƙungiyar ba ta karɓar gudummawa daga wanda ba mamba ba. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak: sha'awar daina sha. Ko da warin giya a bakinka ka zo, muddin ba ka tayar da hankalin mutane ba, kujerarka na nan.

Ka lura da bambancin zama buɗaɗɗe da rufaffe kafin ka je. Buɗaɗɗe kowa na iya halarta, har matarka ko ɗan'uwanka da ya rako ka. Rufaffe na masu fama da giya ne kawai, kuma a nan aka fi sakin jiki. Akwai zaman da mutum ɗaya ke ba da labarinsa daga farko har ƙarshe, akwai na tattaunawa, akwai na nazarin matakan, akwai na sababbin zuwa. Mai jin kunyar buɗe baki ya fara da na mai ba da labari, inda ba wanda zai nemi ya ce uffan.

Matakan 12 kansu sun fara da amincewa cewa giya ta fi ƙarfinka, rayuwarka ta kuɓuce maka. Sai miƙa lamari ga wani iko da ya fi naka, wanda suka kira Allah gwargwadon yadda kowa ya fahimce Shi. Daga nan mutum ya zauna ya rubuta laifuffukansa da ƙullatarsa da tsoronsa ba ɓoye-ɓoye, ya karanta wa wani mutum ɗaya da ya amince da shi. Mataki na takwas da na tara, waɗanda a ganina su ne ƙashin bayan tsarin, suna neman ka lissafa duk wanda ka cuta, ka je ka gyara abin da zai gyaru: bashi ka biya, ƙarya ka warware, sai dai inda yin hakan zai ƙara cutar da wani. Mashayi yana ɗauke da kunya mai nauyin gaske, kuma kunyar ce sau da yawa ke kora shi ga kwalba. Tsarin da ya ba shi hanyar sauke wannan kaya ɗaya bayan ɗaya ya taɓa inda ke ciwo.

Sai kuma jagora. A AA sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya daɗe bai sha ba ya zame masa abokin tafiya, ya bi da shi cikin matakan, ya kuma ɗaga waya idan ya kira. Al'adar ita ce namiji ya zaɓi namiji, mace ta zaɓi mace. Za ka ji ana yawan cewa a riƙe yau kaɗai, gobe ta zo da nata. Za ka kuma ji shawarar halartar zama 90 a kwana 90. Wannan shawara ce ta tsofaffin mambobi, ba doka ba, amma hikimarta a fili take: lokacin da ka saba zama wurin sha, yanzu kana da wani wurin zama.

Shin tana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly na Jami'ar Harvard da Keith Humphreys na Stanford da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Sun gano cewa a cikin waɗanda ma'aikatan lafiya suka haɗa da AA ta tsararriyar hanya, kimanin kashi 42 cikin 100 sun cika shekara ba su taɓa giya ba, yayin da a sauran hanyoyin jinya sanannu adadin ya tsaya wajen kashi 35. A wasu ma'aunan, kamar yawan abin da mutum ke sha idan ya sha, sakamakon ya yi kusan kunnen doki. Wannan adadi yana faɗin abu biyu. AA ba tatsuniya ba ce, tana taimako. Kuma fiye da rabin mutanen ba su cika shekarar ba tare da tuntuɓe ba, don haka wanda ya zame kada ya ɗauka shi kaɗai ne lalatacce.

Inda AA ke yi wa wasu tsauri ma ya kamata a faɗa. Ta samo asali daga wata ƙungiyar farfaɗo da addinin Kirista da ake kira Oxford Group, kuma ƙamshin wannan asali bai gushe ba. Wasu ɗakunan, musamman a Amurka, da addu'ar Kirista suke rufe zama. Musulmi na iya yin shiru ko ya yi tasa a zuci, ba mai tilasta masa, kuma Musulmi da yawa sun samu sauƙi a AA suna fassara "ikon da ya fi naka" da Allah Maɗaukaki kai tsaye. Duk da haka wani zuciyarsa ba za ta kwanta ba, kuma ba laifinsa ba ne. Wanda ba ya bin addini shi ma yakan ji an matsa masa, ko da yake akwai zaman AA da aka cire addu'a a ciki. Wani kuma kalmar rashin ƙarfi ce ke karya masa gwiwa, wani kuma ba ya son ya shekara goma yana gabatar da kansa da cewa shi mashayi ne. Sannan ƙidayar kwanakin da mutum ya yi bai sha ba, wadda ke ƙarfafa mutane da yawa, takan zama bulala ga wanda ya zame bayan wata takwas aka ce ya koma ɗaya. Babbar matsalar kuwa ita ce kowane ɗaki cin gashin kansa yake yi, ba ƙwararren da ke sa ido. Ɗaki mai kyau aljannar duniya ne ga mai rauni, maras kyau kuma yana iya zama fadar mutum ɗaya mai son a ji shi.

SMART Recovery, wadda aka kafa a Amurka a 1994, ta wata ƙofa ta shigo. Ta ɗauki dabarunta daga ilimin gyaran tunani da ɗabi'a, musamman koyarwar masanin halayyar nan Albert Ellis, wanda ya nace cewa abin da ya faru da kai ba shi ke jefa ka cikin hali ba kai tsaye, fassarar da ka yi masa ce. Tsarinta ya tsaya a kan abu huɗu: gina niyyar canji da riƙe ta, jure sha'awa idan ta taso, sarrafa tunani da motsin zuciya da aiki, da daidaita rayuwa yadda giya ba za ta sami gurbi ba. Babu matakai 12, babu jagora na mutum ɗaya, babu maganar miƙa wuya, ba a kuma so ka laƙaba wa kanka sunan mashayi. Imaninka naka ne, ba a tambaya, ba a hanawa.

Zaman SMART ya fi kama da aji mai hira. Akwai mai gudanarwa da aka horar, wanda zai yiwu ya taɓa shan giya, zai yiwu bai taɓa ba. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, sai a zaɓi matsala ɗaya ko biyu a baje su a faifai, kowa ya sa baki. A nan mayar da martani shi ake so. Sau da yawa akan ja layi a allo a raba shi gida huɗu: amfanin sha, illar sha, amfanin dainawa, wahalar dainawa. Na daraja wannan darasi domin yana barin mutum ya faɗi gaskiyar da ake jin nauyin faɗa, wato giya tana yi masa wani amfani, tana sa shi barci ko tana kashe masa fargaba. Sai an san aikin da take yi kafin a nemo abin da zai maye gurbinta. Ana kuma koyar da cewa sha'awa takan hau, ta kai ƙololuwa, ta sauka da kanta idan ba a biye mata ba, kuma ana so ka riƙa rubuta lokacin da take zuwa da abin da ke tayar da ita. SMART tana maraba da magungunan likita a fili, kuma ba ta ɗauka za ka zauna cikinta har abada. Idan ka tsaya da ƙafarka kana iya sallama.

Bari mu auna su da dare ɗaya. Ƙarfe goma ta wuce, an yi cacar baki a gida, mutum ya fito ƙirjinsa na tafasa, ƙafarsa ta san hanya. Ɗan AA zai ciro waya ya kira jagoransa, idan bai ɗauka ba ya kira na biyu a jerin lambobin da aka ba shi, watakila a ce masa ya tsaya inda yake ga wani nan zuwa. Ɗan SMART zai tsaya ya kama tunanin da ke cewa ba zan iya jure wannan ba sai na sha, ya tambayi kansa ko gaskiya ne, ya tuna ya jure wanda ya fi shi a makon jiya, ya ba kansa minti ashirin yana tafiya. Dukansu dabaru ne na gaske. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: a irin wannan daren, kai mai iya zama da tunaninka ne, ko kuwa sai ka ji muryar mutum? A nan nake ganin AA ta yi zarra, domin ta gina mutane a kewaye da kai, kuma masu bincike sun nuna cewa sauya abokan zama yana cikin manyan hanyoyin da take taimako. SMART ta fi ta wajen ba ka kayan aiki a hannu da mutunta hankalinka. Rauninta shi ne zamanta ba su kai na AA yawa ba ko kusa, a wurare da dama sau ɗaya ne a mako ko babu sam, kuma mako yana da tsawo ga wanda ya daina sha shekaranjiya.

Binciken da aka yi a kan SMART bai kai na AA yawa ba. Wani nazari da Sarah Zemore da abokan aikinta suka buga a 2018, wanda ya bi mutum fiye da 600 na tsawon shekara a ƙungiyoyin matakai 12 da SMART da wasu biyu da zan bayyana nan gaba, LifeRing da Women for Sobriety, ya nuna cewa idan aka yi la'akari da burin da kowa ya shigo da shi, musamman ko ya ƙudurta dainawa gaba ɗaya, sakamakon ƙungiyoyin ya yi kusa da juna. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda mutum ya shige cikin ƙungiyarsa: yana zuwa a kai a kai, yana da aboki a ciki, yana ɗaukar wani ɗan aiki. Saboda haka ba na ganin dalilin da zai sa a tilasta wa mutum zaɓar ɗaya ya ƙi ɗaya. Mutane da yawa suna zuwa AA don jama'a, suna zuwa SMART don dabara, ba kuma wanda ya kore su.

Ga mace lissafin ya ɗan bambanta. Abin kunyar da ake ɗora mata ya ninka na namiji, kuma sau da yawa a bayan shanta akwai labarin duka ko cin zarafi da ba za ta iya faɗa a gaban maza ba. Jean Kirkpatrick, masaniyar zamantakewa da ta yi fama da giya da kanta, ta lura cewa macen da aka riga aka murƙushe ba ƙasƙantar da kai take buƙata ba, a ɗaga ta ake so. Ta kafa Women for Sobriety a 1975 a kan jimloli 13 na ƙarfafa zuciya, kuma a zamansu mace tana gabatar da kanta ne a matsayin mace mai iyawa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Zamansu na ido da ido kaɗan ne, galibi a Amurka da Kanada, amma suna haɗuwa ta intanet, kuma AA ma tana da zama na mata zalla a wurare da yawa. Shawarata ga 'yar'uwa mai farawa ita ce ta nemi irin wannan tukuna. LifeRing kuwa, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2001, ba ruwanta da addini, ba ta da matakai, zamanta hira ce a kan yadda mako ya wuce da yadda mai zuwa zai kasance. Ta dace da wanda ya gaji da jin tsofaffin labaran maye.

Wanda imaninsa shi ne tsakiyar rayuwarsa yana da nasa zaɓin. Millati Islami, wadda aka fara a Baltimore a 1989, ta sake fasalin matakan 12 bisa koyarwar Musulunci, da tuba da salla da zikiri a ciki. Celebrate Recovery ta fito daga cocin Saddleback a Kalifoniya a 1991, ta Kirista ce a fili, kuma tana haɗa masu fama da giya da masu wasu matsalolin a inuwa ɗaya. Recovery Dharma, ta 2019, ta dogara da zuzzurfan tunani irin na addinin Buddha. Alherin waɗannan shi ne ba sai ka fassara komai a zuciyarka ba, harshen da ake magana da shi naka ne. Amma ka bambance zaman 'yan'uwa masu ciwo ɗaya da zaman wa'azi. Mumini mai shan giya ya san hukuncinta sarai, ya fi kowa sani, shi ya sa yake sha a ɓoye yana kuka. Abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa ni ma na yi, ga yadda na wuce makon farko. Idan a zaman mutum ɗaya ne ke magana daga sama sauran na sunkuyar da kai, ka ci gaba da zuwa don ibadarka, amma ka nemi wani zaman don ciwonka. Ka kuma yi tunanin sirri: inda kowa ya san kowa, magana ba ta da wuyar fita.

Akwai kuma Moderation Management, ta 1994, ga masu son rage sha ba dainawa ba, inda ake fara da kwana 30 babu giya sannan a bi iyaka. Ga wanda shansa ya fara wuce gona da iri amma jikinsa bai kamu ba, tana iya amfani. Wanda ya taɓa karkarwar safe, ko ya sha alwashin kofi biyu sau ɗari ya karya, ko hantarsa ta taɓu, ko mace mai ciki, wannan ba hanyarsu ba ce.

Tun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe ɗakuna, kusan dukkan waɗannan ƙungiyoyi suka koma haɗuwa ta Zoom da makamantanta, kuma da yawa daga cikin zaman sun ɗore. Ga wanda ke nesa da kowane zama, ko mai tsoron a gan shi yana shiga, ko mai aikin dare, wannan rahama ce. Kowace awa akwai zama a wani ɓangaren duniya, kana iya kashe kyamara, ka sa sunan da ka ga dama. Sai dai a waya kana iya halartar zama kofi na gefenka ba wanda ya sani, kuma da an rufe ka koma kai kaɗai a ɗakin da ka saba sha. Rabin amfanin zaman ido da ido a bakin ƙofa yake, a hirar minti goma bayan an tashi, inda wani zai dube ka ya ce yau fuskarka ba daidai take ba. Idan akwai zama a kusa da kai, ko bai yi maka ɗari bisa ɗari ba, ka riƙe shi ya zama gida, na waya ya cike sauran kwanakin. Harshe ma abin dubawa ne. Yawancin zaman intanet da Turanci ake yi, kuma mutum ya fi warkewa a harshen da yake iya kuka da shi.

Neman zaman kansa bai kai yadda ake tsoro wuya ba. A ƙasashe da birane da yawa AA tana da ofishi ko lambar waya da mambobi ke ɗauka, kuma tana da manhajar waya mai suna Meeting Guide da ke nuna zaman da ke kusa a yankunan da aka shigar. SMART da sauran suna da jerin zamansu a intanet. Inda waɗannan ba su nuna komai ba, ka tambayi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ko na masu shaye-shaye a babban asibiti, domin ma'aikatan jinya da na walwala sukan san zaman da ba a rubuta a ko'ina ba. Ka kira kafin ka tafi, jerin sukan tsufa. Idan babu AA amma akwai Narcotics Anonymous, ƙungiyar masu fama da ƙwayoyi da aka kafa a 1953, ka shiga, domin a wurinsu giya ma ƙwaya ce. Idan duk babu, a ƙa'idar AA mutum biyu ko uku da suka haɗu don su daina sha sun isa su kira kansu rukuni.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya. Tsofaffin mambobi sukan ce a gwada shida, a ɗakuna daban-daban idan da hali. Kana zaune ka lura: an tarbe ka ko an bar ka a tsaye? Akwai waɗanda suka shekara biyu, biyar, goma ba su sha ba, ko kowa sabo ne? Ana dariya a ɗakin? Wanda ya zame ya dawo, yaya aka karɓe shi? Wannan ta ƙarshen ta fi sauran muhimmanci, domin wataƙila wata rana kai ne. Akwai kuma alamun da ke cewa ka tashi. Duk wanda ya sa maka kuɗin dole, ko ya nemi rance, ko ya fara neman ki da soyayya kina sabuwar zuwa, ko ya kawo labarin wani mamba waje, ka nisance shi. Wurin da ake kulle mutane ko a yi musu duka da sunan gyara ba zaman taimakon juna ba ne ko kaɗan. Wanda ya ce ka ajiye maganin da likita ya ba ka, na baƙin ciki ne ko na giya irin naltrexone da acamprosate da disulfiram, ya saɓa wa AA kanta, wadda ta rubuta cewa kada mamba ya mai da kansa likita. Ka kuma sani sirrin ɗakin alkawari ne tsakanin mutane, bai da kariyar doka irin ta likita da majinyaci, don haka abin da ya yi nauyi sosai ka ajiye shi ga mutum ɗaya amintacce.

Idan kuma ba kai ne mai shan ba, mijinki ne ko ɗanka ko mahaifinku, akwai Al-Anon, wadda Lois, matar Bill Wilson, ta taimaka aka kafa a 1951 don iyalan mashaya, da Alateen ta matasa. SMART ma tana da zaman iyali da abokai, wanda ya fi karkata ga koyar da yadda za a yi magana da mai sha har ya yarda ya nemi taimako. Kuna iya zuwa ko shi bai yarda yana da matsala ba.

Da wani nawa zai tambaye ni yau, zan ce masa ya ga likita a makon nan, ya nemi zaman da ya fi kusa da shi kuma ya fi yawan haɗuwa, wanda a mafi yawan wurare AA ne, ya ba shi dama shida. Idan maganar miƙa wuya ko addu'ar ta tsaya masa a wuya, ya ƙara da SMART ko Millati Islami ta waya ba tare da ya saki na kusa ba, har sai ya ga wanda ƙafarsa ke komawa da kanta. Ranar farko ya isa minti goma kafin lokaci, ya sami wanda ke jera kujeru ya ce masa yau ne zuwansa na farko. Kafin ya fita ya karɓi lambar mutum biyu, ya tambayi ranar zama na gaba, ya kira ɗaya daga cikinsu washegari da safe ko babu abin da ya faru.